Gida, Masauki da Makwanci: Nazari a Kan Ɗalibin Yauri a Jami'a

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba matsalar rashin wurin zama da ke addabar ɗalibin jami'a, tare da ɗaukar ɗan ƙasar Yauri a matsayin misali. An zaɓi Yauri ne domin mutanenta sun taɓa ɗanɗana rabuwa da muhalli a zamani guda.

Ma'anar Kalmomi

Bahaushe ya bambanta abubuwa uku. Gida shi ne inda mutum yake da asali da gado, kuma ba a tashinsa. Masauki wuri ne na baƙo, yana da mai shi, yana da ranar bari, shi ya sa ake cewa baƙo raɓa ne. Makwanci kuwa wurin sa haƙarƙari ne kawai. Ɗalibi yakan bar na farko yana sa ran na biyu, amma sau da yawa sai ya ƙare a na uku.

Tashin 1968

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Da tafkin ya cika, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da gungu-gungu masu yawa na Kogin Kwara, aka tashi mutane kimanin 44,000. Cikinsu akwai Gungawan Yauri, waɗanda suka shahara da noman albasa. Hukuma ba ta bar su a fili ba, ta gina musu gidajen siminti. To amma ginin bai zo daidai da zamansu ba, don haka da yawa suka ƙara ɗakunan ƙasa da rumbuna da hannunsu. Abin lura a nan shi ne, gini kaɗai ba ya zama gida sai an haɗa shi da dangi da sana'a.

Halin da Ɗalibi Ke Ciki

Tun da aka kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, 'ya'yan Yelwa da Ngaski da Shanga suke nufarta. Bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, an sami jami'ar jiha a Aliero a 2006, da ta tarayya a Birnin Kebbi a 2013. Duk da haka, yawan ɗalibai ya rinjayi ɗakunan kwana. Wanda bai sami gado ba yakan bi ɗaya daga hanyoyi huɗu:

1. Raɓawa a ɗakin aboki, alhali dokar makaranta ba ta yarda ba.
2. Haɗa kuɗi da 'yan'uwa a kama haya, ga kuɗin mota kullum.
3. Sauka wurin dangi ko ɗan garinsu, kamar yadda fatake ke sauka wurin fatoma.
4. Kwana a masallaci ko a aji, wanda shi ne makwanci tsantsa.

Ɗaliba mace ta fi shiga tsaka mai wuya, domin hanya ta huɗu a rufe take gare ta, ta biyun ma sai da yardar iyaye. Illar kuwa a bayyane take: wanda bai san inda zai kwana ba, bai san inda zai aje littafi ba, balle ya natsu ya karanta shi.

Kammalawa

Hausawa na cewa gida biyu maganin gobara. Ya kamata ɗalibi ya nemi masauki tun kafin a koma hutu, ya rubuta yarjejeniyar haya gaban shaidu, ya kuma riƙe wani wurin da zai fake in an tashe shi. Ƙungiyoyin ɗaliban Yauri za su taimaka ƙwarai idan suka riƙa tarbar sababbin shiga. Amma zumunci ba zai ɗauke wa hukuma nauyinta ba. Jami'ar da ta ɗauki ɗalibi, wajibinta ne ta san inda yake kwana.