Yaron da Sai Ya Gani Yake Ganewa

Aikina koyarwa ne a firamare, a yankin Kekun Waje na ƙaramar hukumar Bungudu, kuma babu kalmar da ke ƙona mini rai a bakin iyaye da malamai kamar "daƙiƙi". Akwai yaron da za ka yi ta yi wa bayani har maƙogwaronka ya bushe, shi kuwa sai dai ya bi ka da ido. Amma ka zube masa tsakuwa goma sha biyu ka ce ya kasa su kashi uku, nan take amsa ta fito. Irinsa ne zai hangi tirela a titin da ya taso daga Tsafe ya ratsa Gusau ya nufi Bungudu, ya koma gida ya ƙera ta da kara, har da madubin direba. Wanda ya iya wannan yana da kai, ƙofar shiga kan ne ba mu nema ba.

Malamanmu na allo sun riga mu gane haka. Almajiri yana fara babbaƙu ne da ganin harafi ɓaro-ɓaro a allonsa, yana bin sa da yatsa yana faɗa, kafin a kai shi farfaru. A Alƙur'ani rubutun hannu, wasula da jar tawada ake sa su, ido ya rarrabe su tun baki bai furta ba. A ajin boko kuwa sau da yawa mun bar komai ga kunne: malam ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi, a tashi.

A 1971 masanin nan ɗan Kanada, Allan Paivio, ya bayyana cewa ƙwaƙwalwa tana adana magana ta hanya guda, hoto ta wata hanyar, don haka abin da ya shiga ta duka biyun ya fi zama. Sai dai ina jan kunnen 'yan uwana malamai. Tsarin da Neil Fleming na New Zealand ya fitar a 1987, mai kasa ɗalibai zuwa masu koyo da ido, da kunne, da karatu, da aikin hannu, ya bazu sosai, amma a 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa sun bi binciken da aka yi, ba su sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa ware yaro a koyar da shi ta hanya ɗaya tak yana ƙara masa fahimta ba. Kada mu cire wa yaro sunan daƙiƙi mu liƙa masa wani. Mu nuna, mu faɗa, ga kowa da kowa. Wanda ya fi dogara da ido shi zai fi cin riba.

Kuma abin ba ya bukatar kuɗi. Ni da kara nake koyar da goma-goma: ɗauri ɗaya goma ne, warwararru ɗai-ɗai ne, kuma ranar da yaro ya kwance ɗauri da hannunsa don ya cire bakwai daga ashirin da uku, ranar ya gama da matsalar aro a lissafi. Rabi da kwata, lemo ɗaya da wuƙa sun isa. Taswira mukan fita fili mu zana ta a ƙasa, ga masallaci, ga kasuwa, ga rafi, sannan mu ɗauke ta zuwa takarda. Takardar buhun siminti da tsohon kwali su ne hotunan bangonmu.

Iyaye mata, ko ba ku yi boko ba kuna da rawar takawa. In yaro ya dawo, ku miƙa masa gawayi ku ce ya zana abin da aka koya masa, ya yi muku bayani. In za ku sa shi aiki, ku gwada masa sau ɗaya yana kallo maimakon faɗa sau biyar.

Wani yaron kuma ba zaɓi ne ya sa ya dogara da ido ba, kunnen ne ba ya ji sosai, musamman bayan ƙyanda ko sanƙarau ko kunne mai zubar ruwa. Wani kuma yana runtse ido ne don ba ya hango allo. In kun ga haka, a kai shi asibiti a Gusau a duba shi, malam kuma ya dawo da shi layin gaba.

A Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Zamfara. Roƙona ga hukumomi shi ne, bayan gini, a wadata azuzuwa da allo mai kyau da alli, a kuma horar da mu koyarwa da abin da ido ke gani. Mu kuma malamai da iyaye, don Allah kafin mu ce yaro ba ya ganewa, mu fara nuna masa.