Koyon Tuƙin Mota a Hannun 'Yan'uwa: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Ana roƙon iyayen ƙasa da malamansu su karanta wannan bayani da natsuwa, sa'an nan su isar da shi ga masu unguwanni, tun ba na cikin birnin Sakkwato ba.

A Ƙofar Atiku da unguwannin da ke kewaye da ita, al'ada ce yaro ya fara riƙa sitiyari a motar ubansa ko ta wansa, ko kuwa ta aboki. Wannan ba abin ƙi ba ne, muddin an bi ƙa'ida. Ba a ba mutum lasin tuƙi sai ya cika shekara 18. Ɗan koyo kuwa lalle ne ya mallaki takardar izinin koyo, a liƙa jan harafin L a gaban motar da bayanta, kuma a sami mai lasin zaune kusa da shi duk sa'ad da motar ke tafiya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana neman shaidar makarantar koyon tuƙi da ta amince da ita kafin a kai ga jarrabawar lasin. Watau koyon gida ƙari ne a kan na makaranta, ba ya tsayawa a madadinsa.

To, abin da jama'a ba su cika lura da shi ba shi ne, motar gida birkin ƙafa ɗaya gare ta, yana kuwa ƙarƙashin ƙafar wanda bai iya ba. Mota mai gudun kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar da aka yarda a cikin gari, tana cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa. In yaro ya ɓullo daga lungu, sai mai koyarwa ya gani, ya yi magana, ɗan koyo ya ji, sa'an nan ya ɗauke ƙafa daga totur ya nemi birki. In wannan ya ci daƙiƙa biyu, mota ta shafe mita 28 ba a ko taɓa birkin ba. A gudun kilomita 20 kuwa, mita 11 ne kawai. Saboda haka tun ba a ta da mota ba mai koyarwa yake yin mafi yawan aikinsa, wajen zaɓen wuri da lokaci.

Lungunan tsohon birni don mai tafiya ƙasa da mai doki da jaki aka bar su. Yau ga 'yan kabu-kabu, ga awaki, ga almajirai, ga ƙofofin zaure da ke buɗewa kan hanya. Ba nan ne wurin darasin fari ba. A fara a fili inda ba kowa, da izinin masu shi, har ɗan koyo ya iya tashi da tsayawa da komawa baya ba tare da duban ƙafarsa ba. A guji lokacin tashin 'yan makaranta, da almuru, da ranar Jumma'a sa'ad da jama'a suka nufi Masallacin Shehu da na Bello.

Akwai kuma zancen hali. Uba ya saba umurni, ɗa kuwa yana jin nauyin ya ce bai gane ba, sai ya yi shiru ya taka abin da ƙafarsa ta samu. Tsawa tana sa ɗan koyo ya danne totur a maimakon birki. A faɗi umurni tun da nisa, da kalma kaɗan, da murya a kwance. Wanda ya san ba shi da haƙuri, gara ya ba wani aikin. Kada a ɗauki abokai ko ƙanne a kujerar baya, mai koyarwa kuma ya ajiye wayarsa.

Mai unguwar da ya ga yaro yana juya mota shi kaɗai, ya fara zuwa wurin mai motar ya yi masa magana a zaure. In abin ya sake faruwa, ya kai wa Hakimi, malamin Hakimi ya rubuta lambar motar da ranar, a sanar da ofishin Hukumar da ke Sakkwato.