Yaushe Ne Lokacin Haihuwa? Darasi Domin Ma'aurata

A ranar ɗaurin aure, kafin ango da amarya su yi wa juna alkawari, firist yakan tambaye su ko a shirye suke su karɓi 'ya'ya daga hannun Allah, su kuma rene su cikin bangaskiya. Dukansu sukan amsa da i. Amma ba ya tambayarsu 'ya'ya nawa, ko a wace shekara. Ba mantuwa ba ce. Majalisar Batikan ta Biyu, cikin takardarta Gaudium et Spes ta 1965, ta koyar cewa miji da mata ne da kansu za su yanke wannan shawara a gaban Allah. Ashe ke nan ba uwar miji ce za ta yanke ba, ba kuma maƙwabta masu ƙirga watanni tun daga ranar biki ba.

To, da wane ma'auni za su auna? A 1968 Paparoma Bulus na Shida, cikin wasiƙarsa Humanae Vitae, ya ce su dubi lafiyar jiki, da abin hannu, da kwanciyar hankali, da halin da jama'a ke ciki. Bayan sun auna, waɗansu za su karɓi iyali mai yawa da farin ciki, waɗansu kuma, saboda dalili mai nauyi, za su dakata na ɗan lokaci. Dukansu biyu suna kan hanya.

A ganina, lafiyar uwa ce abin da muka fi yi wa sakaci. Kakanninmu sun san illar kwanika, wato mace ta ɗauki ciki tana goyo. Shi ya sa sukan bar uwa ta shayar da yaro kusan shekara biyu kafin yaye. Masana sun zo sun tarar da su a nan: bayan wani taro a 2005, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da sabon ciki, wata 6 kuma bayan ɓari. Jinin da uwa ta zubar yana bukatar lokaci kafin ya dawo. In ba a ba shi ba, na goye ya rame, na ciki ya zo ba nauyi, ita kuwa ta shiga naƙuda da rabin ƙarfi. Marigayi Paparoma Francis, a hanyarsa ta dawowa daga Filifin a 2015, ya ba da labarin wata mai ciki na takwas bayan an yi mata tiyata sau bakwai, ya ce wannan gwada Allah ne. Maigida, idan likita ya ce matarka ta huta, umarnin ya shafe ka kai ma.

Haka nan yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba. Doguwar naƙuda ce kan jawo yoyon fitsari, kuma a ƙasashenmu na Arewa mun ga irin wulaƙancin da ke bin wannan cuta. Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure. Iyaye, ku bar 'ya'yanku mata su gama girma, su gama makaranta.

Akwai kuma masu jinkiri. Neman aikin yi ko ƙarasa karatu dalili ne. Amma wanda ya ce sai ya gina gida ya sayi mota, ya tuna cewa ikon mace na ɗaukar ciki yana raguwa sosai bayan shekara 35. Lokacinta yake kashewa, ba nasa ba.

Game da hanyar tazara, koyarwar Ekklesiya a fili take: ba ta yarda da zubar da ciki ba, ba ta kuma yarda da magungunan hana ɗaukar ciki ba. Abin da ta amince da shi shi ne lura da tsarin da Allah ya sa a jikin mace. A kowane wata, kwanakin da ciki zai iya shiga kusan shida ne kawai. Likitoci biyu, John Billings da matarsa Evelyn, a Melbourne ta Ostireliya, sun tsara yadda mace za ta gane kwanakin nan ta alamun jikinta. Hanyar tana bukatar a koye ta wurin wanda ya iya, tana kuma bukatar miji mai kamun kai. Kada mace ta je koyo ita kaɗai.

Wannan hanya tana taimaka wa masu neman haihuwa ma. Su ne suka fi shan gori a cikinmu, alhali Hannatu da Alisabatu sun daɗe suna jira ba domin wani zunubi nasu ba. Dokar Ekklesiya ta 1983 ta bayyana cewa rashin haihuwa ba ya ɓata aure, saboda haka ba hujja ba ne na korar mace ko yi mata kishiya. Idan shekara ta cika kuna nema ba labari, ku je asibiti tare, miji kuma ya yarda a gwada shi, gama sau da yawa matsalar daga wajensa take.