Yadda Ake Su a Matan Fada

Wanda ya ga hoton bikin kamun kifi na Argungu a jihar Kebbi, masunta sun rufe kogin Matan Fada har ruwan ba ya ganuwa, zai ɗauka ƙarfi ne da sa'a kawai. Sun da ake kallo bai fi awa ɗaya ba, amma abin da ke sa a fito da giwan ruwa mai nauyin ƙato shi ne watannin da aka yi ba a taɓa ruwan ba. Kabawa masunta ne tun fil azal, kuma bikin ya ɗauki siffarsa ta yau a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu don tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi. Tun daga nan aikin yake tafiya daki-daki, kuma kowane mataki da dalilinsa.

Mataki na farko shi ne hana ruwa. Sarkin Ruwa ke da iko da wannan yanki na kogin, ba mai jefa birgi ko ya kafa mamari a ciki sai ya ba da izini. Damina ta wuce, ruwa ya janye daga fadamu, kifi ya tattaru a gurabe masu zurfi ya yi ƙiba ba mai damunsa. Shi ya sa ake yin bikin a Fabrairu ko Maris, bayan an kai amfanin gona gida, ruwa kuma ya ragu yadda mutum zai iya shiga. A wannan tsakanin masunci yake haɗa kayansa, kuma biyu ne kacal. Na farko gora: a samo babba wanda ya ƙosa, a bar shi ya bushe, a fafe masa baki daidai shigar hannu, a kwashe cikinsa. Shi ne jirginsa, kansa yake kifa ƙirji ya yi iyo, shi ne kuma ma'ajiyar ƙananan kifin da ya kama. Na biyu homa: raga ce da ake saƙawa a ɗaura a jikin lanƙwasasshen itace, bakinta a buɗe, masunci ya riƙe ta da hannu. Dole ya bi idanunta ɗaya bayan ɗaya ya ɗinke inda ya tsinke, don babban kifi ba ya raina ƙaramar kafa.

Idan lokaci ya ƙarato sai a yi gyaran ruwa, masu sarautar ruwa su kewaya su tabbatar kogin ya shigu. Kafin babbar rana akan yi kabanci, wato wasannin ruwa irin su tseren kwale-kwale, ninƙaya, nutso, kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. Nishaɗi ne ga 'yan kallo, amma ga yaran bakin kogi makaranta ce, domin iya ruwa fidda kai. Ranar su kuwa, masunta kan yi sahu nesa da gaɓa, kowa da homa da gora, ba mai taka ruwa sai an buga bindiga. Tana tashi sai a kwasa da gudu. Makaɗa na bi cikin kwale-kwale, kiɗa da hayaniya suna firgita kifi ya bar maɓoyarsa. Gwani ba ya bin tsakiyar taro. Gurbi yake nema, ya nutsa da homa a buɗe, ya lalubo ƙasa da gindin gaɓa, da ya ji motsi ya rufe ta ya taso. In giwan ruwa ne, sai ya zura igiya ta kunnensa ta fito ta baki, sannan 'yan'uwa su taya shi ja. Daga nan sai gaban alƙalai a ɗora a sikeli. Kifin da ya ci gasar a 2005 kilo 75 ne, sai da mutum huɗu suka ɗaga shi.

Akwai masu cewa wannan ɓarna ce: ina amfanin tara dubban mutane su yamutse kogi a rana ɗaya? Amsar tana cikin kayan aikin. Homa iyakarta inda hannu ya kai, kuma awa ɗaya ake ba ta. Taru mai ƙananan idanu da ake ja kullum, shi ne ke kwashe uwa da 'ya'ya. Wasu kuma na ganin sarautar ruwa tsohon yayi ce. To amma dokar kamun kifi da ke rubuce a takarda tana buƙatar mai gadi dare da rana, ita kuwa maganar Sarkin Ruwa masunta da kansu ke gadinta, don kowa ya san kowa, kifi na ganinka mai jar koma. Ilimin kula da ruwan nan na daga cikin abin da hukumar UNESCO ta duba ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Ƙorafin da ke da nauyi shi ne na ruwan kansa. Madatsun Goronyo da Bakolori sun sauya yadda ruwa ke isowa Kabi, yashi na cike gurabe, har a 2006 aka dakatar da sun saboda ƙarancin ruwa. Sarkin Ruwa na iya hana masunci shiga kogi, amma ba ya iya sako ruwa daga madatsa. Don haka matakin farko ya ƙaru: bayan hana ruwa, sai an daidaita da masu kula da madatsun kan lokacin saki, a kuma yashe gurabe kafin rani. In aka tsallake wannan, za a buga bindiga, za a yi gudu, makaɗa za su yi kiɗa, sai dai gorunan su komo gaɓa babu komai ciki.