Ga Ɗana da Ya Karɓi Makullin Mota

Ɗana, mahaifinka ya gaya mini an damƙa maka mota, za ka fara jigilar fasinja daga Kano. Allah ya sa albarka, ya tsare gabanka da bayanka. Tuƙi ka iya, ba ni da abin da zan ƙara maka a kan sitiyari da giya. Maganar da nake so mu yi ta kuskure ce, domin za ka yi shi. Za ka wuce kwanar da ya kamata ka shiga, za ka bar murfin tanki a gidan mai, wata rana ma ka rufe mota da makulli a ciki, fasinja na tsaye suna kallonka. Duk direban da ya ce maka bai taɓa yin irin wannan ba, ko dai mantuwa ce ta kama shi, ko so yake ka riƙa rusuna masa.

Abin da zaman tasha da gareji ya nuna mini shi ne, kuskuren farko bai cika tsada ba. Mai tsadar shi ne abin da mutum yake yi a 'yan mintocin da suka biyo baya, lokacin da kunya ta lulluɓe shi, yana neman ya gyara kafin kowa ya farga.

Ɗauki ɓatan hanya, tunda shi ne direba ya fi jin nauyin furtawa. Mutum ya baro Kano da asuba zai je Jos, hira ta yi daɗi, ya wuce Kwanar Ɗangora bai karkata ba. Hanyar Tudun Wada da dajin Falgore da Saminaka ta koma bayansa, shi kuwa ya miƙe ya nufi Zariya. Zuwa nan asararsa ba ta wuce ɗan mai da ɗan lokaci ba. To amma sai ya duba madubi ya ga idanun fasinja, ya ce a ransa ba za a ce bai san hanya ba. Wani ya taka birki a tsakiyar titi ya sa ribas, tirela na tafe a bayansa. Wani ya juya ya biyo hannun da ba nasa ba, wai ai nan da can ne. Wani kuma, mai ganin ya fi su wayo, ya hangi burji ta ratsa gabas ya ce yanke ce, ya afka da cikakken lodi cikin dajin da bai taɓa takawa ba. Kai in haka ta same ka, rage gudu, ka kunna sigina, ka sauka gefen titi, ka waiwayo ka ce, "Jama'a ku yi haƙuri, na wuce kwana, za mu juya a gaba." Ba za a rasa mai tsaki ba, ba kuma za a rasa tsohuwar da za ta ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri ba. Kafin ku isa Tudun Wada an manta.

An ce matambayi ba ya ɓata, amma tambayar ma sai an iya ta. Kada ka tsaya inji na ruri ka leƙo ta taga ka ce wa dattijo, "Nan ce hanyar Gusau?" Ba ka yi sallama ba, sannan ka sa masa amsa a baki. Mutanenmu ba sa son mayar da baƙo hannu wofi, sai ya ce maka "eh", alhali ƙila nufinsa ana iya fita Gusau ta nan in mutum yana da yini guda na ɓatarwa. Ka sauko, ka yi sallama, ka ce, "Baba, wannan hanyar ina ta nufa? Wane gari ne a gaba?" Bar shi ya faɗi sunan da bakinsa. Ka fi karkata ga mai faci da mai shayin bakin kwana, su ne motoci ke wucewa ta gabansu safe da yamma. Ɗan acaɓa ya san lungu da saƙo, sai dai inda babur ya ratsa ba lalle mota ta wuce ba, kuma "nan kusa ne" a bakin wanda ya saba tafiyar ƙasa yana iya zama awa guda. Da damina ka ƙara da tambaya ɗaya: "Yau mota ta fito ta nan?" In mutum biyu da ba tare suke ba suka ba ka amsa iri ɗaya, sai ka tayar.

A Funtuwa hanya ta rabu: ga ta Zariya, ga ta Gusau da Sakkwato, ga ta Katsina da ke bi ta Bakori da Malumfashi, ga kuma ta Birnin Gwari. A zamaninmu in ka ɗauki wadda ba ita ba a irin wannan mararraba, lokaci kawai ka ɓata. Yanzu da 'yan bindiga suka addabi wasu dazuzzukan yankin, maganar ta zama ta rai. Saboda haka kafin ka bar tasha ka ji daga bakin direbobin da suka shigo ranar, ba labarin makon jiya ba. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Na san za ka ce kana da Google Maps a waya. Ban raina ta ba, na ga amfaninta a cikin Abuja da Kaduna, inda gadoji suka hau kan juna. Amma abin da ka rubuta mata shi take bi, ƙasarmu kuwa cike take da sunaye masu takwara. Akwai Tudun Wadar Ɗankadai a jihar Kano, akwai unguwar Tudun Wada a Zariya, da Kaduna, da Gusau, da Jos. Sabon Gari kuwa ba a ƙirga shi. Ka duba jihar da ta rubuta a ƙarƙashin sunan da tsawon kilomita kafin ka danna. Sannan ita hanyar da ta fi sauri take zaɓa, ba ta san ruwan daren jiya ya cinye kwalbati ba, ba ta san direbobi sun daina bin wani wuri bayan La'asar ba. Ka sauke taswirar a wayar tun kana gari, saboda inda sabis ke ɗaukewa. Kada kuma ka bar idonka ya mutu. In Maiduguri ka nufa da hantsi ka ga rana ta daɗe a ƙeyarka, akwai magana. In hadari ya rufe rana, masallacin bakin hanya zai nuna maka gabas, don alƙiblarmu gabas ce da ta ɗan karkata arewa.

Sai kayan aiki. Yawancin ɓarnar da ake yi musu ba rashin sani ne ke jawo ta ba, sabo ne. Ran 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Gowon, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, irin na maƙwabtanmu Nijar da Kamaru da Cadi. An yi ta shela a rediyo, kowa ya ji, amma tsofaffin direbobi sun fi sababbi shan wuya, domin da zarar hankali ya tafi wani wuri, hannu sai ya koma inda ya saba. Haka abin yake har gobe duk ranar da ka canza mota. Wanda ya saba da mai kuloci in ya shiga otomatik, ƙafarsa ta hagu takan nemi kuloci ta danne birki. Wanda ya saba da motar fetur in aka ba shi ta dizal, yakan tsaya a famfon da ya saba.

In haka ta faru, aka ɗura fetur a tankin dizal kuma ka farga a wurin, kada ka murɗa makulli, ko da don ka ga fitilun dashbod ne, saboda a motoci da yawa na yanzu famfon mai yana fara aiki tun daga nan. Shi dizal yana da maiƙo, da shi famfo da nozul suke samun santsi, fetur kuwa wanke maiƙon yake yi ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. A tura motar gefe da hannu, a kira bakanike ya zuƙe tankin. Kuɗin man da aka zubar da ladan bakanike kawai ka rasa. Wanda ya ji kunyar 'yan layi ya tayar ya ce zai cika da dizal a gaba ya gauraye, shi ne zai sayi famfo da nozul.

Zafin inji ma haka. Allura ta haura ja, ko tururi ya fara fita ta bonet: ka tsaya, ka kashe, ka jira. Fasinja za su ce "Direba ga ruwa, zuba mu tafi." Kada ka taɓa murfin lagireto. Ruwan da ke ciki a matse yake, shi ya sa yake wuce digiri 100 bai tafasa ba, kana sassauta murfin zai tafasa gaba ɗaya ya yo fuskarka. Na ga hannayen da wannan ya saɓule, ba abin kallo ba ne. In ma ka tsira, ruwan sanyi a kan ƙarfen da ya yi zafi yana iya lanƙwasa tof silinda ko ya tsaga shi. Ba shi kamar rabin awa, ka taɓa babban tiyo ka ji ya saki, ka ɗora tsumma a kan murfin ka buɗe a hankali. Kafin ka zuba ruwa ka nemi dalili: fambel ne ya tsinke, fanka ce ta tsaya, ko tiyo ne ya fashe? In ba ka gano ba, zafin zai dawo.

Akwai wata jar fitila a dashbod mai siffar 'yar buta. Ita ba a yi mata "bari mu kai gari". Ba cewa take baƙin mai ya ɗan ragu ba, cewa take ba ya isa inda ya kamata, kuma inji a wannan hali mintoci kaɗan yake yi ya buga. Tsaya nan take ka zaro ma'aunin ka duba.

Batir kuma, ja na kan alamar tarawa, baƙi na kan ta ragewa. Ka haska tocila ka ga alamar da idonka, kada ka dogara da launin waya, don an sha canza ta a gareji. In ka juya su, abin da ya fi sauƙi fis ya ƙone, in ba a yi sa'a ba altaneta da ƙwaƙwalwar motar su tafi. Tsohuwar dabarar nan ta cire kan batir inji na aiki don a ga ko yana caji, ta motocin da ce masu kafireta. Kada ka bari a gwada ta a kan taka, ko da wanda zai yi ya girme ka. Ka ba shi haƙuri cikin ladabi ka ce mai motar ya hana.

Canza taya ba ya buƙatar dogon bayani. Ka fita daga kan kwalta, ka sa weji, ka sassauta noti tun taya na ƙasa, ka ɗora jak a kan katako in wurin yashi ne, kuma kada wani sashe na jikinka ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ganyen da aka zuba a titi don gargaɗi a kwashe shi in an gama, wanda ke tafe da dare bai san kun tashi ba. Inda aka fi yin sakaci shi ne ɗaurin ƙarshe: an sauke jak, fasinja sun gaji, kowa ya ɗauka wani ya ƙara ɗaure notin. Kai za ka riƙe wilsifana da hannunka, ka bi su a gicciye, in an yi tafiyar kilomita hamsin ka tsaya ka sake bi.

Wanda ya fi duk waɗannan wuya shi ne faɗa wa mai mota da bakanike gaskiya. Ka san inji ya yi zafi a hanya har ya mutu, ka kawo motar gareji ka ce "haka kawai ta fara rawa". Bakanike zai kama fulogi, ya koma kan nozul, a sayi abin da lafiyarsa ƙalau, a yi kwana uku ana lalube, alhali da ka faɗa da tun safe ya auna gasket. Ƙarshe kuma sai ya gano, don ruwa a cikin baƙin mai ba ya ɓuya, sai mai mota ya ji daga bakinsa maimakon naka. Masu motoci suna yafe gasket. Direban da suka kama da ɓoye-ɓoye ne suke karɓe wa makulli, kuma labarin yakan riga shi isa tasha ta gaba. Ka buga waya tun kana inda abin ya faru, ka faɗi abin da ya auku da abin da ka yi, ba ƙari ba ragi.

Nan gaba kaɗan za ka ɗauki yaron mota. Ranar da ya manta safaya a wurin mai faci, ko ya bar jak a bakin titi, ya zo yana rawar murya ya gaya maka, ka kula da abin da zai fito daga bakinka. In ka zage shi a gaban fasinja, ba mantuwa ka hana shi ba, faɗa maka ka hana shi. Gobe in ya ga ɗigon man birki a jikin taya, ko ya tuna bai ɗaure igiyar kaya da kyau ba, shiru zai yi yana fatan a isa lafiya, kai kuma kana gaba ba ka san abin da ke bayanka ba. Ka ce masa ya kyauta da ya faɗa, ku koma ku ɗauko, faɗan kuma ka ajiye shi sai kun keɓe da dare.

Ka gaida mahaifiyarka. In lodi ya biyo da kai ta wajenmu ka tsaya ka sha ruwa, ina so in ji ƙarar injin da kunnena.