Ɗamarar Mota da Tsofaffin Motoci a Ƙasar Kura

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya kama zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure rani da damina, sufuri ya yawaita ƙwarai a wannan yanki. Lokacin kakar tumatir, hanyar Kano zuwa Zariya ba ta rabuwa da motoci masu kai kwanduna Kwanar Gafan. Da yawa cikinsu tsofaffi ne, a-kori-kura da Peugeot 504 da J5, har akwai waɗanda suka girmi direbobinsu.

Ɗamarar nan da direbobi ke kira bel, mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wani injiniya na kamfanin Volvo, Nils Bohlin, shi ya ƙago ta a 1959. Jihar Biktoriya ta ƙasar Ostareliya ta wajabta ɗaura ta a 1970, Ingila kuwa a 1983. A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa direba da na gaban mota ɗaura ta ran 1 ga Janairu 2003.

Dalilin dokar shi ne, in mota tana gudun kilomita 50 a awa ta yi karo, ita ta tsaya, amma jikin mutum bai tsaya ba. Zai bugi sitiyari ko gilashi kamar wanda ya faɗo daga bene mai hawa uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗamara tana rage haɗarin mutuwar na gaban mota da kusan rabi.

A Ingila an yi sassauci ga tsohuwar motar da aka ƙera tun asali ba ɗamara, amma galibin irin waɗannan na marmari ne, jefi-jefi ake fito da su. Na ƙasar Kura kuwa kullum suna bisa hanya da lodi. Ɗamararsu rana ta cinye ta, ko makullinta ya lalace, ko ƙarfen da aka ɗaure ta a jikinsa ya yi tsatsa. Wani direban sai ya rataya ta kawai a ƙirji in ya hango ma'aikata, da ya wuce ya ture. Wannan ya tsira daga tara, amma bai tsira daga gilashi ba.

Ya kamata hakimi ya tara shugabannin direbobi da dagatai kafin kaka ta kama, malaminsa ya karanta musu wannan. A jawo ɗamara duka a duba ko ta tsage, a fizge ta da ƙarfi a ga ko ta cije. Wadda aka taɓa yin haɗari da ita a sake ta, ko da ba a ga lahani ba. Sabuwa kuma makaniki ya ɗaure ta a ƙarfe mai lafiya, kada tela ya yi mata faci. Ta bi kan ƙashin ƙugu da kafaɗa, ba ciki ko wuya ba.

Ɗamara ɗaya ta mutum ɗaya ce. Fasinja biyu a kujerar gaba, ko yaro bisa cinya, ba ta iya riƙe su. Leburorin da ke hawa bisa kwanduna a bayan a-kori-kura kuwa ba abin da ke riƙe su ko kaɗan, saboda haka masu kaya su nema musu wata mota dabam.