Darasi: Masu tsinkar kayan garka

Yara, yau za mu yi magana a kan miya. Kowa ya san tumatir da albasa da tattasai da tonka. Amma wa ya taɓa tambaya, hannun wa ya tsinko su? Ku saurara da kyau.

1. Yaron da ke barci cikin aji

Wata shekara da sanyi, akwai wani yaro cikin ajina mai yawan barci. Kullum da hantsi sai in ga kansa bisa tebur. Na yi masa faɗa, na ce masa raggo. Bai ce komi ba.

Ran nan na kira shi gaban allo. Da ya ɗauki alli sai na ga tafin hannunsa duk kanta, yatsunsa sun yi kore-kore. Na ce, "Me ya sami hannunka?"

Ya ce, "Malam, tumatir ne. Da asuba muke tsinka ni da babana. Barema yake yi a garkar wani mutum. In ba mu cika kwanduna kafin mota ta zo ba, ba a biyan mu duka."

Kunya ta kama ni. Yaron da na kira raggo ya riga ni tashi kowace safiya. Ran Lahadi na bi shi garka don in gani da idona. Ga abin da na koyo.

2. Ina ake noman garka?

A jihar Maradi muna da gulabe biyu sanannu: Gulbin Maradi da Gulbin Kaba. Duka biyu daga Nijeriya suke fitowa. Gulbin Maradi yana bi ta ƙasar Madarunfa da Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, kana ya sake komawa Nijeriya. Gulbin Kaba kuwa shi ne na wajenmu, yana ratsa ƙasar Gazawa da ta Mayahi. Da rani ba ka ganin ruwa bisa gulbi, amma cikin fadama ruwa bai yi nisa ƙwarai ba. Don haka ake gina rijiyoyi, ana shuka kayan garka.

Noman rani daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Amma ya bunƙasa a Nijar bayan farin shekarar 1984, lokacin da shugaban ƙasa Seyni Kunce ya yi kira ga jama'a su riƙe shi da hannu biyu, don maganin yunwa. Wurare da dama sun yi suna: Galmi da albasa, Difa da tattasai, Jirataua da zogala.

3. Daga iri zuwa kwando

Ana fara aiki bayan an shigar da hatsi rumbu, wajen Oktoba ko Nuwamba. Mai garka zai yi shinge, ya kafce ƙasa, ya zuba taki, ya ja fangali. Zai yi renon iri wuri guda. In irin tumatir ya yi kamar wata ɗaya sai a dasa shi. Daga nan sai ban ruwa ba fashi, wasu da guga, wasu da inji. Bayan wata biyu zuwa uku da dashe, tumatir zai fara nuna.

To, nan aikin ƴan barema yake ƙaruwa. Ɗan barema shi ne mai aiki a gonar wani a biya shi. Ba shi da garka, ƙarfinsa ne jarinsa.

4. Wuyar aikin

Tsinka ba ta jiran rana ta ɗaga. Salati da tumatir ba su son zafi, don haka tun duhu-duhu ake shiga garka, ga hunturu yana busawa, ga ƙasa da laima. Sanyi yana tsattsage ƙafa har ta yi faso.

Mai tsinka duƙe yake yini. Zai ɗaga ganye, ya duba, ya ɗebi nunanne, ya bar ɗanye. In ya matsa da ƙarfi tumatir ya fashe. In ya yi a hankali ƙwarai kuma, mota ta tafi. Kuma ba sau ɗaya ake tsinka ba: bayan kwana uku ko huɗu wasu sun nuna, sai a sake komawa.

Mai tsinkar tonka hannunsa zafi yake yi, in ya manta ya shafa ido ya sha wuya. Mai cirar albasa zai tuge ta, ya yanke ganye, ya shanya, ya ɗura a buhu, kana ya ɗauki buhun da ya fi shi nauyi. Mata su ma suna cikin aikin: su ke yawan tsinkar zogala da yanka tumatir.

Akwai wani hatsarin da ba a gani da ido, watau maganin ƙwari. In an fesa shi, tilas a jira kwanakin da aka rubuta jikin kwalba kafin a tsinka. Wanda ya shiga da wuri yana iya samun ciwon kai ko ƙaiƙayi ko amai.

5. Wa ke cin riba?

Hatsi yana shekara cikin rumbu. Tumatir kuwa kwana kaɗan yake yi ya ruɓe. Kuma garake suna nuna lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Mai saye ya san mai garka ba ya iya jira, sai ya taya yadda ya ga dama. In mai garka ya sayar da araha, ladar ɗan barema ita ke fara raguwa.

Manoma suna da dabaru. Suna yanka tumatir su shanya ya zama kauɗa, a sayar da damina. Suna busar da tattasai. Wasu suna haɗa ƙungiya, su sayar tare, don muryar mutum goma ta fi ta mutum guda.

6. Abin da muka yi

Na sami mahaifin yaron, muka gaisa. Na ce, "Baba, ɗanka yana da ƙoƙari, amma gajiya za ta hana shi karatu."

Ya yi shiru, kana ya ce, "Malam, ba don so nake ta da shi ba. Hannu biyu ba su cika kwando da wuri."

Muka daidaita: yaron zai taimaka ranakun da ba makaranta kawai. Ba abu ne mai sauƙi ga uban ba, domin ladarsa ta ragu. Amma ya cika alkawari. Ni kuma tun daga ranar ba na ce wa yaro raggo sai na tambaye shi inda ya fito.

Ma'anar kalmomi

Barema: aikin gona da ake yi wa wani don a biya.
Fangali: ɗan fili da aka kewaye da kunya don ya riƙe ruwa.
Kanta: taurin fata a tafin hannu saboda aiki.
Kauɗa: busasshen tumatir.

Tambayoyi

1. Don me ake tsinkar tumatir da asuba?
2. Faɗi gulabe biyu na jihar Maradi.
3. Me ya sa farashin tumatir yake faɗuwa da sauri?
4. Wane kuskure malamin ya yi?

Lissafi

Ɗan barema yana cika kwando 3 cikin awa ɗaya. Ɗansa yana cika kwando 1. Kwando nawa za su cika tare cikin awa 3? Awa nawa uban zai yi shi kaɗai kafin ya cika wannan adadi?

Aikin gida

Je ka wurin wani mai aikin garka, ka gaishe shi da ladabi. Tambaye shi aikin da ya fi ba shi wuya. Rubuta amsarsa cikin layi 5.